Hutun mata da miji a tsibiri: wane wata, wace gaɓa, kuma me za a fara a cikin teku?

Ummu Sadik: Assalamu alaikum jama'ar zaure. An turo tambaya ta bayan fage, aka ce a sakaya suna. Mata da miji ne ke shirin hutun kwana bakwai a tsibiri, hankalinsu ya rabu tsakanin Maldibs da Zanzibar. Maigidan ya iya iyo, amma a tafkin ninƙaya na otal ya koya, bai taɓa shiga teku ba. Uwargidan kuwa ko kaɗan ba ta iya ba. Suna son leƙa ƙarƙashin ruwa su ga kifaye da murjani, su hau kwale-kwale, in da hali su gwada nutso da tukunyar iska. Masana, bismillah.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Kafin a zaɓi otal a fara zaɓen wata, domin iska ce ke mulkin teku. A Maldibs daga Disamba zuwa Afrilu iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, sama garau, ruwa kwance, ana hango ƙasan teku tar. Daga Mayu zuwa Nuwamba iskar kudu maso yamma ce, da ruwan sama da igiya, amma a lokacin ne kifin manta, wani babban kifi mai faɗi kamar mai fukafukai, ke taruwa a Hanifaru da ke rukunin tsibiran Baa, wurin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren da ake karewa a 2011. Zanzibar kuwa babbar daminarta Maris zuwa Mayu ce, ƙaramar kuma wajen Nuwamba zuwa Disamba. Tunda uwargida ba ta iya iyo ba, ni Fabrairu ko Maris zan ce a Maldibs, ko Janairu da Fabrairu a Zanzibar. Manta ya jira wata tafiyar.

Abu ɗaya da ake yawan tuntuɓe a kansa: jirgin saman nan mai sauka a kan ruwa a Maldibs da rana kawai yake tashi. Wanda jirginsa ya sauka filin Velana bayan la'asar, sai ya kwana kusa da Male, babban birnin ƙasar, ya jira gari ya waye, ga shi an riga an biya kuɗin daren farko a tsibiri. Kayan da ake yarda da su ma kilo 20 ne da jakar hannu kilo 5. In isowar ta dare ce, a nemi tsibirin da jirgin ruwa mai gudu ke kaiwa.

Baba Kyaftin: Bilki kin yi daidai, amma akwai abin da ya fi wata muhimmanci a Zanzibar, wato cika da janyewar teku. Sau biyu ruwa ke cika a yini da dare, sau biyu yake janyewa, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna. Kowace rana lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50. A gaɓar gabas, su Paje da Jambiani, idan ruwa ya janye yakan yi nisan da ya kai kilomita guda a wasu wuraren, sai fili da ciyawar teku da duwatsu. Mutum ya ga hoton otal ruwa na taɓa matakala, ya zo ya tarar awa biyu ko uku kaɗai ake samun na wanka. A arewa, Nungwi da Kendwa, gaɓar na da gangara, ana shiga ruwa kusan kowane lokaci.

Janyewar ta fi tsanani a tsayuwar wata da kuma cikarsa, daren sha huɗu da kwana biyu bayansa. A ranakun nan bambancin cika da janyewa a Zanzibar na kusantar mita huɗu, kuma duk ruwan nan ta 'yan ƙofofin da ke jikin tudun murjani yake fita, da ƙarfin gaske. Wanda ya taka zuwa bakin tudun lokacin da ruwa ya janye, ya fara komowa da zarar ruwa ya juyo, domin kwaruruwan da ke bayansa ne ke fara cika. A Maldibs bambancin bai wuce kimanin mita ɗaya ba, sai dai su ma mashigun da ke tsakanin tsibirai suna da jan ruwa. Otal-otal kan ajiye jadawalin cika da janyewar ruwa. A karɓa ranar farko, a tsara yini a kansa.

Ummu Sadik: Baba, wato a taƙaice wanne za su ɗauka?

Baba Kyaftin: 'Yata, in don koyon ruwa ne, tsibirin Maldibs mai tafki marar zurfi a gabansa, ko Kendwa. Gabashin Zanzibar na masu wasan zamiya a kan ruwa ne, waɗanda iska ke ja da lema.

Malam Nura: Bari in shiga batun iyon bututu, wanda ake ce wa sinokil, don shi ne zai cinye rabin hutun. Dokar farko ita ce a yi tsari da ma'aunin wadda ba ta iya ba, ba da na wanda ya iya ba. Kuma maigida ya sani, iyon tafki daban, na teku daban. Babu bangon kamawa, ga gishiri, ga igiya.

Gilashin fuska shi ne komai. Yadda ake gwada shi: a ɗora a fuska ba tare da an sa igiyarsa ba, a ja numfashi kaɗan ta hanci, a saki hannu. In ya manne, girmanka ne. In ya faɗo, a canza. Kada a ɗaure igiya tamau, matsewa na lanƙwasa robar gefe sai ruwa ya samu hanya. Gashi ko silin guda ya shiga ƙarƙashin robar, zai yi yoyo. Mai gashin baki ya rage layin da ke dab da hanci, ko ya shafa man silikon a wurin. Sabon gilashi yana zuwa da wani maiƙo daga masana'anta, shi ke jawo hazo, sai a goge cikinsa da farin man goge baki da ɗan yatsa sau biyu ko uku a wanke, amma in fuskarsa ta roba ce ba gilashi ba kar a yi, zai karce. Kafin kowace shiga a ɗiga sabulun wankin gashin jarirai ɗigo ɗaya, a murza, a ɗauraye sama-sama.

Ranar farko a tsaya inda ruwa ya kai ƙugu. Uwargida ta sa rigar ceto wadda ta kama jiki, mai ɗamara ta tsakanin ƙafafu, don wadda ta yi yawa takan haye wuya ta tura fuska cikin ruwa. Ta sunkuya ta sa fuska, ta yi numfashi goma a hankali ta bututu, ta ɗago. Ta maimaita har ya zama ba komai. Sai a bar ruwa kaɗan ya shiga bututun da gangan, ta koyi fesar da shi da huci ɗaya mai ƙarfi, kamar mai cewa "tu". Wanda bai koyi wannan a wuri marar zurfi ba, ranar da igiya ta cika masa bututu a tsakiyar ruwa zai shaƙa, ya kware, ya firgita. Firgici ne ke kashe mutane a wannan wasa, ba kifi ba.

Abban Ilham: Malam, me ya sa ba za a sauƙaƙa mata da gilashin nan mai rufe fuska gaba ɗaya ba? Ana numfashi ta hanci kamar a tudu, ba a cizon komai. Sababbin shiga sun fi sakewa da shi.

Malam Nura: Sun fi sakewa a mintunan farko, wannan gaskiya ne ɗan'uwa. Matsalar tana cikin yawan iskar da ke zaune a cikinsa. In bawul ɗin da ke raba iskar shiga da ta fita bai rufe da kyau ba, wanda hakan ya yi yawa a masu araha da waɗanda aka daɗe ana haya, mutum zai riƙa sake shaƙar iskar da ya fitar. Alamarta ciwon kai, haki, jiri. Ga shi cire shi da sauri ya fi wuya, ba a kuma iya kama hanci don daidaita matsin iskar cikin kunne. In dole sai shi, ya zama na kamfani sananne, daidai fuskarta, a ruwa kwance, ba a yin iyo mai wahala da shi, ana cire shi duk bayan minti ashirin a sha iska.

Abban Ilham: Na karɓi batun na haya. Amma mai kyau, a tafki kwance, har yanzu ina ganin ya fi wa mai tsoron ruwa.

Anti Bilki: Ku bar ni in sa baki kan sutura, don mata da yawa a nan suke samun cikas. Kayan iyo masu rufe jiki duka suna nan, kuma sun fi kare fata daga rana. Sharaɗin dai yadin ya zama irin na kayan iyo, nailan ko foliyesta mai talewa. Auduga na shan ruwa ta yi nauyi, doguwar riga mai faɗi kuma na naɗe ƙafa, wannan hatsari ne na gaske. Rigar ta zama mai maɗauri da wando don kada ta tashi sama. Abin rufe kai a ja shi baya kaɗan daga goshi, robar gilashi ta zauna a kan fata, in ta hau kan yadi ruwa zai yi ta tsiyaya ciki. Zobe kuma a bar shi a ɗaki. Yatsa na tsukewa a ruwa, ga santsin mai, kuma abin da ya faɗa cikin yashi ya tafi ke nan. Waya ma, ko an rubuta ba ta jin ruwa, da ruwan daɗi aka gwada ta, gishiri na cinye mata ramin caji. A sa ta a jakar roba mai kulle, a fara gwada jakar da takarda a ciki cikin kwanon wanka.

Baba Kyaftin: Maigida nake so ya karanta wannan da kyau. Akwai jan ruwa mai fita daga gaɓa zuwa tsakiyar teku, kamar kogi a cikin teku. Ruwan da igiya ta tara a baki ne ke neman hanyar komawa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciya: igiya na fashewa dama da hagu, tsakiya shiru, launin ruwan ya fi duhu, kumfa da ciyayi na tafiya waje. Mai ƙarfinsa na wuce mita biyu a daƙiƙa, babu gwanin da zai iya yin gaba da shi. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi. In ya ɗauke ka, kada ka fuskanci gaɓa kana kokawa. Ka kwanta rigingine ka huta, ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka, sannan ka yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ka fita daga bakinsa, sai igiya ta taimaka maka komowa.

In kuma matarka ce ya ɗauka, Allah ya kiyaye, ka fara kwarma ihu a kawo agaji, ka jefa mata abin da ke yawo a kan ruwa. Kada ka je hannu rabbana. Wanda ke nutsewa yakan haye kan mai cetonsa ba da saninsa ba, a rasa biyu. Jan tuta a gaɓa na nufin ba shiga. Tsibirai da yawa ba su da masu gadin ruwa sam, don haka a tambayi masu shagon nutso inda ake shiga da inda ake fita da kuma ina ruwa ya nufa yau. Kullum a fara iyo ana fuskantar jan ruwa, don a dawo da taimakonsa lokacin da aka gaji. Ƙaramin kwale-kwale mai filafili ma haka, a fara da fuskantar iska. In iska daga tudu take busawa zuwa teku, a fasa fita ranar.

Babur ɗin ruwa kuwa abu biyu: igiyar kashe inji a ɗaure a wuyan hannu, kuma a sani yawancinsu in an saki totur kan ba ya juyawa, don ruwan da injin ke fesawa ne ke juya shi.

Abban Ilham: To nutso da tukunya fa? PADI, ƙungiyar koyar da nutso, na da shirin gwaji na yini ɗaya, ba a wuce mita 12, kuma ba a yin jarrabawar iyo. Malami na riƙe da mutum. Ina ganin ba dalilin hana uwargida.

Malam Nura: A takarda haka ne. Cikakken kwas ɗin farko ne ke buƙatar iyon mita 200 da zama a saman ruwa minti 10, da nutso huɗu a teku, a ba ka izinin mita 18. Gwajin ba ya buƙatar wannan. Amma ga abin da za a nema daga gare ta a ruwa mai kai ƙirji: ta bar ruwa ya shiga gilashi ta fitar da shi da hucin hanci, ta cire abin numfashi daga baki ta mayar, ta daidaita kunne. In ta yi ukun nan hankali kwance, bismillah. In tana zabura tana miƙewa tsaye, a bari, ko da an biya. Dalili kuwa lissafi ne. Kowace mita 10 na ƙara wa jiki matsi daidai da na iskar da ke kanmu a tudu, saboda haka iskar da aka shaƙa a mita 10 tana ninkawa biyu kafin a iso sama. Wanda ya firgita ya riƙe numfashi ya yi sama, huhunsa na iya yagewa, kuma ko daga mita biyu hakan na faruwa. Shi ya sa dokar da ta fi kowace a nutso ita ce kada a taɓa riƙe numfashi.

Kunne kuma tun kafin ya yi zafi ake daidaita shi, kowace mita a kama hanci a hura a hankali. In ya ƙi, a hau sama kaɗan a sake. Ba a tilastawa. Mai mura kada ya shiga. Shan maganin buɗe hanci ma ba dabara ba ce, in ya sake a ƙasa iskar kunne za ta rasa hanyar fita lokacin hawa. Agogon matsin iskar tukunya yakan fara da 200, a sanar da malami a 100, a kasance a sama da 50. Hawa a hankali, kada a wuce ƙananan kumfan da kake fitarwa, a tsaya minti 3 a mita 5. A tambaya tun a shago mutum nawa malami ɗaya zai riƙe. Ga sabon shiga marar iyo, ni ɗaya da ɗaya nake so, ko su biyun kaɗai.

Kuma maigida, kada ka lallashe ta da "ai ina kusa". Kai ma ɗalibi ne a ranar.

Dakta Hadiza: Sannunku da ƙoƙari. Tunda ma'aurata ne, abu na farko: mai juna biyu ba ta nutso da tukunya, ko cikin na sati nawa ne, kuma wadda ke zaton ta samu ma ta dakata. Iyon bututu a saman ruwa babu laifi in lafiyarta ƙalau. Akwai takardar tambayoyin lafiya da ake cikewa, masu asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, ciwon suga ko tiyatar kunne su faɗi gaskiya su ga likita tun kafin tafiya.

Na biyu, jirgin sama bayan nutso. Iskar naitirojin da ta narke a jini na buƙatar lokaci ta fita, in aka hau sama da wuri sai ta yi kumfa a gaɓoɓi da jijiyoyi. Ƙa'idar DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Ni awa 24 nake ba da shawara. Ciwon gaɓa, ɗimaucewa, sanyin hannu ko ƙafa, ko gajiya marar dalili bayan nutso, a ba da iskar oksijin a nemi likita nan take, kada a ce bari a kwana a gani. A duba inshorar tafiya ta ambaci nutso da zurfin da ta yarda da shi, da kuɗin ɗakin matsin iska da ake jinyar wannan ciwo. A Maldibs akwai irin ɗakin a tsibirin Bandos, kusa da Male.

Rana kuma ba ta duba launin fata. Mai iyon bututu bayansa ke sama awa guda bai sani ba, ruwa na sanyaya shi, sai dare ƙeya da bayan gwiwa su ɗau wuta. Man kariya mai lamba 50, kimanin mililita 30 ga jikin babba, minti 20 kafin shiga, a sake bayan awa biyu ko bayan an goge jiki. A duba kada ya ƙunshi oxybenzone ko octinoxate, waɗanda Hawai ta hana sayarwa daga 2021 saboda murjani. Riga mai dogon hannu ta fi duk wannan sauƙi.

Ummu Sadik: Dakta, harbin halittun ruwa fa? Ana ta cewa fitsari na magani.

Dakta Hadiza: Ba ya yi, 'yar'uwa, a daina. Harbin halittar nan mai kama da lema mai santsi, jelifish, a wanke da ruwan teku, ba ruwan daɗi ba, don ruwan daɗi na fasa sauran ƙwayoyin dafin da ke manne a fata. Kada a murza da yashi ko tawul. A cire zaren da hantsaki. Ga mai siffar akwati, wadda ta fi haɗari, ana kwarara ruwan khal, wato binega, na daƙiƙa 30. In numfashi ya fara wuya ko fuska ta kumbura, asibiti kai tsaye.

Ƙayar bushiyar teku, da kifin dutse, da kifin nan mai faɗi kamar faifai mai ƙaya a wutsiya, duk dafinsu zafi ke karya shi. A tsoma wurin a ruwa mai ɗumi sosai, kada ya wuce digiri 45, na minti 30 zuwa 90. Wani ya fara gwada ruwan da hannunsa, don mai ciwon ba zai ji yana ƙonewa ba. Kifin dutse kuwa ko zafin ya lafa sai an ga likita. Rigakafin duka shi ne takalmin ruwa mai kaurin tafi, da jan ƙafa a yashi maimakon ɗagawa, mai faifan zai ji motsi ya gudu. Yankan murjani ko ƙanƙane ne a wanke shi sosai da sabulu da ruwa mai tsabta, yana saurin ruruwa. Dodon koɗi mai siffar mazurari, mai zane mai kyau, kada a ɗauka, yana harbi.

Amai a jirgin ruwa: maganin kafin a hau ake sha, awa ɗaya ko biyu, in zuciya ta riga ta tashi ya makara. Yana sa barci, don haka a gwada shi wata rana daban kafin ranar nutso. A zauna tsakiyar jirgi, a waje, nesa da hayaƙin inji, ido a kan inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya.

Malam Nura: Ƙari kan halittu. Babban kifin shak mai ɗigo-ɗigo da ake gani a kudancin tsibiran Ari na Maldibs duk shekara ba ya cizo, amma a ba shi mita 3 daga jiki, mita 4 daga wutsiya, kuma fitar a ruwa mai zurfi ake yi, ana tsalle daga jirgi da sauri, ba ta sabuwar shiga ba ce. Kada a tsaya a kan murjani, dabba ce mai rai, reshen da ƙafa ta karya a daƙiƙa shekaru ya yi yana tsirowa. Kunkuru in ya nufo sama numfashi zai yi, a ba shi hanya.

Anti Bilki: To ga yadda zan jera kwanakin. Ranar isowa hutu da karɓar jadawalin ruwa. Ta biyu da ta uku koyon bututu a wurin da ƙafa ke taɓa ƙasa, da safe kafin iska ta taso, sau biyu a yini, rabin awa rabin awa. Ta huɗu fita da jagora zuwa tudun murjani, in Zanzibar ne na tsibirin Mnemba, a roƙi jagoran ya zo da tayar ceto mai igiya wadda uwargida za ta riƙe yana ja. Ta biyar gwajin nutso in an ci jarrabawar Malam Nura. Ta shida ba tukunya, sai kwale-kwale da yawon faɗuwar rana. Kada a biya duk fitar tun daga gida, a bar rana ɗaya a sake saboda iska.

Baba Kyaftin: Bilki, ki matsar da fitar jirgi zuwa duk ranar da jadawali ya nuna ruwa ya cika da hantsi, ko da ta uku ce ko ta biyar. Kuma kafin su taka jirgin su ƙirga rigunan ceto da idonsu, su tabbatar akwai tsani na hawowa daga ruwa, su kuma ji ana ƙirga mutane da suna kafin a tayar da inji.

Ummu Sadik: Na tura musu duka. Sun ce Fabrairu za su tafi, uwargida kuma na tambaya ko darasin iyo na wata biyu kafin tafiyar zai yi wani amfani.

Malam Nura: Sosai ma. Sau biyu a mako, kuma ta ce wa mai koyarwar ya fara mata da kwanciya rigingine a kan ruwa da fitar da numfashi fuska a ciki, kafin kowane salon iyo. Ta sayi gilashinta da bututunta yanzu ta riƙa zuwa da su tafkin.